Ko amana za ta iya hana magada sayar da gida har abada?

Alhaji Mudi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga lauyoyinmu da malamai. A ɗauka mutum yana da gida a Landan, kimarsa fam 500,000, babu bashin banki a kansa, ga 'ya'ya huɗu. Abin da yake gudu shi ne ana share makoki su kai gidan kasuwa. Sai aka ba shi shawara ya zuba gidan cikin amana, wato ya mayar da shi sunan amintattu, a rubuta cewa ba a sayarwa, ba a jinginarwa, daga 'ya'ya sai jikoki har illa masha Allahu. Shin kotun Ingila za ta tsaya wa wannan sharaɗi? In ba za ta tsaya ba, iya ina aka yarda ya ɗaure?

Barista Zulaihat:
Wa alaikumus salam Alhaji. "Har abada" ɗin nan ce ba za ta sha ba. Amma akwai igiyoyi biyu da ake yawan cakuɗawa, gara a raba su tun yanzu. Ɗaya tana ɗaure hannun amintattu kada su sayar da gidan kansa. Ɗayar tana ɗaure hannun ɗa kada ya sayar da rabonsa na cikin amanar. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farkon tana ƙarƙashin dokar amanar filaye ta 1996, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1997 a Ingila da Wels. Sashe na 6 ya ba amintattu duk ikon da mai gida yake da shi, har da sayarwa da jingina. Sashe na 8 kuma ya bar wa mai kafa amanar damar rage wannan iko, ko ya ce sai da izinin wane. To a takarda yana iya ɗaurewa. Sai dai sashe na 14 ya buɗe ƙofar kotu ga kowane amintacce da duk mai haƙƙi a gidan, kuma alƙali yana iya sauke sharaɗin neman izini ya ce a sayar. Abin da yake dubawa yana sashe na 15: niyyar wanda ya kafa, dalilin da ya sa ake riƙe da gidan, maslahar ƙaramin yaron da ke zaune a ciki, da haƙƙin mai bin bashin da ya riƙe jingina. Niyyar uba ɗaya ce cikin huɗu, ba ita kaɗai ake aunawa ba.

Shi ya sa rubuta dalili ya fi rubuta hani ƙarfi. A shari'ar Buchanan-Wollaston ta 1939 maƙwabta huɗu ne suka sayi fili don ya zauna a buɗe a gaban gidajensu. Ɗaya ya tashi daga unguwar ya nemi a sayar, kotu ta ƙi, saboda dalilin da ya haɗa su yana nan daram. In aka rubuta "gidan nan mazaunin mahaifiyarsu ne muddin tana raye" ko "har autansu ya gama karatu", alƙali yana da abin riƙewa. "Kada a sayar" zalla ba ta ba shi komai.

Sani Ɗanbirni:
Barista, ba shekara 80 ba ce iyakar amana a can? Na san akwai wannan lissafin.

Barista Zulaihat:
Tsohon lissafi ne, Sani. Dokar 1964 ce ta ba da zaɓin shekara 80. Dokar 2009 ta mayar da shi 125 ga takardun da suka fara aiki daga 6 ga Afrilun 2010. Tarko ɗaya: wasiyyar da aka sa wa hannu kafin wannan rana tana kan tsohuwar ƙa'ida ko da mai ita ya rasu bayan ranar. Kuma ma'anar iyakar ba wai gidan zai kulle shekara 125 ba ne. Ma'anarta kafin wa'adin ya cika dole a san takamaimai waɗanda dukiyar ta zama tasu, jerin "sai ɗan wane, sai jikansa" ya tsaya nan.

Dakta Saminu:
Bari in ƙara asalin abin, don shi ke bayyana taurin kan kotunan Ingila a wannan babi. Abin da Alhaji yake so shi manyan masu filaye suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna nema. Dokar 1285 ta ba su damar ɗaure ƙasa ta riƙa bin zuriya, lauyoyi suka gano hanyar kwance ɗaurin, wadda ta kankama da shari'ar Taltarum a 1472. A shari'ar Duke na Norfolk ta 1682 aka aza tubalin ƙa'idar hana dawwama, zuwa 1833 ta daidaita a kan tsawon ran wanda yake raye lokacin kafawa, a ƙara shekara 21. Sannan ga attajiri Peter Thellusson da ya rasu a 1797 ya bar wasiyyar a yi ta tara ribar dukiyarsa har sai duk 'ya'ya da jikokin da ke raye ranar mutuwarsa sun ƙare. Kotu ta ce wasiyyar ta inganta, majalisa kuwa ta tsorata ta yi dokar 1800 don kada wani ya sake.

Abin da ya karya ƙashin bayan tsarin shi ne faɗuwar noma a ƙarshen shekarun 1870. Ga magaji zaune kan dubban kadada, rufin gida na yoyo, ba kuɗin gyara, ba damar yankar gona ɗaya a sayar. Dokar 1882 ta danƙa wa mai cin amfanin ƙasar na lokacin ikon sayarwa, kuɗin su maye gurbin ƙasar a cikin amanar. Tun daga nan tunaninsu bai sauya ba: a tsare darajar dukiya, ba tubalinta ba. Daga 1997 ma ba a ƙirƙirar sabon ɗaurin zuriya irin na 1285.

Alhaji Mudi:
To Barista, a bar har abada. A ce shekara 60 kawai, kuma amintattun masu gaskiya ne, sun ƙi sayarwa. Ai shi ke nan ko?

Barista Zulaihat:
Tsugune ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Akwai shari'ar Saunders da Vautier ta 1841. An bar wa wani saurayi hannun jari a kamfanin Gabashin Indiya, aka ce a riƙe ana tara riba sai ya kai 25. Yana cika 21, shekarun balaga a lokacin, ya ce a ba shi kayansa, kotu ta ba shi. Ƙa'idar da ta fito ita ce in duk masu cin gajiyar amana sun balaga, yau shekara 18 ke nan, suna da hankali, kuma in aka haɗa rabonsu ya cinye dukiyar baki ɗaya, suna iya haɗa baki su rusa amanar ko da takarda ta hana. 'Ya'ya huɗu su sa hannu, amintattu su miƙa gida, shekara 60 ta tashi a banza.

Hanyar toshe wannan ita ce kada a ba 'ya'yan mallaka. A ba su cin amfani na tsawon rai, zama ko kuɗin haya, asalin dukiyar kuma na jikoki, har da waɗanda ba a haifa ba. Ko a yi amanar da amintattu ke da zaɓin wa za su ba da nawa, cikin zuriyar da ba ta rufe ba. Tunda jariri da wanda bai zo duniya ba ba sa sa hannu, haɗin bakin ba zai cika ba. Ko a nan dokar 1958 ta ba kotu ikon amincewa a madadinsu in ta ga sauyin alheri ne gare su. Ɗaurin talala ne dai.

Igiya ta biyu kuma, ta rabon ɗa. In ka ba mutum abu kacokam ka ce kada ya sayar, sharaɗin ne ke faɗuwa, kyautar ta tsaya. A shari'ar Rosher ta 1884 uba ya ce in ɗansa zai sayar a rayuwar matar uban, sai ya fara yi mata tayi a fam 3,000, alhali kadarar ta kai fam 15,000. Kotu ta ce wannan hani ne aka sa wa rigar tayi, ta soke. A shari'ar Brown ta 1954 an ce 'yan'uwa huɗu kada su sayar sai a junansu, nan ma aka soke, don masu sayen kaɗan ne kuma kullum raguwa suke. Akwai ta Macleay a 1875 inda "kada ya fita daga dangi" ta tsira, amma an sha sukarta, ba reshen da za a kama ba ne. Abin da ke aiki shi ne haƙƙin fara tayi a farashin kasuwa: ƙwararru biyu su kimanta, a ba 'yan'uwa misali kwana 90 su biya, in sun kasa a sayar wa bare.

Hajiya Asabe Akanta:
Kafin a yi nisa a duba aljihu, don nan ne yawancin masu wannan shawara ke komawa da baya. Zuba gida cikin irin amanar nan da rai yana jawo harajin gado tun daga bakin ƙofa. Fam 325,000 na farko ba haraji, abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari. Gidan fam 500,000 ke nan rarar 175,000, haraji 35,000, kuma in mai gidan ne zai biya daga aljihunsa lissafin yana hawa zuwa 43,750. Bayan haka duk shekara goma akwai wani da ke kaiwa kashi 6 cikin ɗari na rarar, kusan fam 10,500 in farashin gidan bai motsa ba, alhali motsawa zai yi.

Ga inda abin ke cizo. Amintattu suna da gida, ba su da tsabar kuɗi, an kuma hana su sayarwa da jingina. Da me za su biya haraji, inshora, gyaran rufi? In ba a ajiye musu asusu a gefe ba, ko a bar su su ba da haya, su da kansu za su tafi kotu neman izinin sayarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma in mai gidan ya ci gaba da zama a ciki ba ya biyan cikakkiyar haya, hukumar haraji za ta lissafa gidan cikin dukiyarsa ranar da ya rasu kamar bai taɓa bayarwa ba. Sai rajistar amanar a wurin hukumar harajin, kwana 90 ake bayarwa.

Barista Zulaihat:
Hajiya ta tuna min wata rajistar da ta fi wannan haɗari. Duk hanin da ke cikin takardar amana, in ba a shigar da shi a ofishin rajistar filaye ba, bai shafi mai saye ba. Sashe na 26 na dokar rajista ta 2002 ke nan. Mai saye ya biya kuɗi hannun amintattu biyu, gida ya zama nasa tsaf, haƙƙin 'ya'ya ya koma kan kuɗin. A shari'ar Flegg ta 1987 tsofaffi ne suka zuba kuɗinsu a gida suna zaune ciki, 'yarsu da mijinta da sunansu ke kan takarda suka jinginar, bashi ya ci gidan, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ba mai bin bashin gaskiya. Saura ƙarar amintattu, wanda sau da yawa ihu ne bayan hari.

Don haka ana cike fom RX1 a shigar da takunkumi. Samfurin A yana hana amintacce ɗaya tilo karɓar kuɗin sayarwa. Samfurin B yana neman shaidar cewa cinikin ya dace da takardar amana. Samfurin N yana neman rubutaccen izinin wanda aka ambata. Kada a jera sunaye goma a takardar amana ana ganin an ƙara tsaro: sashe na 10 na dokar 1996 ya ce izinin mutum biyu daga cikinsu ya wadatar da mai saye. Amintattun gida kuma ba sa wuce huɗu.

Sani Ɗanbirni:
To a kai amanar Amurka mana. Can an ce babu iyaka.

Dakta Saminu:
Jiha-jiha ne, Sani, kuma gida yana bin dokar ƙasar da yake zaune a kanta, gidan Landan ba ya ƙaura da takarda. Amma gaskiya Amurka ta raba hanya da Ingila a wuri biyu. A shari'ar Claflin ta 1889 a Massachusetts uba ya ce a ba ɗansa dala 10,000 a shekara 21, wata 10,000 a 25, ragowar a 30. Ɗan ya nemi duka tun kafin lokaci, kotu ta ce a'a, nufin uba za a bi. Kishiyar Vautier ke nan. Na biyu, tun shari'ar bankin Broadway da Adams ta 1882 suka yarda da amanar kare almubazzari: ɗa ba ya iya sayar da rabonsa, masu binsa bashi ba sa taɓawa sai kuɗin ya shiga hannunsa. A jihohi da yawa akwai ramuka, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya da bashin gwamnati.

Batun wa'adi, jihohi da dama suna kan shekara 90 na dokar bai-ɗaya ta 1986. Nevada 365. Dakota ta Kudu ta soke ƙa'idar tun 1983. Sai dai ku lura da abin da masu tallar ba sa faɗa: a Dakota ta Kudun amanar tana dawwama ne in amintacce yana da ikon sayar da kadarar. Delaware ta saki dukiyar da ake ɗauka, amma fili da gini ta tsayar a shekara 110. Wato ko inda aka fi sakin linzami, asusun ne ke dawwama, gidan dole ya iya sauya hannu.

Ni a ganina ma Ingila ta wuce gona da iri a ƙa'idar Vautier. Uban da ya san ɗansa ya ce sai ya kai 30 ba zalunci ya yi ba.

Barista Zulaihat:
Dakta, ai ba a hana shi ba, salon rubutu ne. Ya ce "idan ya kai 30, in bai kai ba rabon ya koma ga wane". Yanzu akwai wani mai jiran tsammani, yaron ba shi kaɗai ke da dukiyar ba. Almubazzari kuma akwai sashe na 33 na dokar amintattu ta 1925: ana ba shi kuɗin shiga har ranar da ya yi yunƙurin sayar da haƙƙinsa ko ya karye, a ranar haƙƙin ya mutu, amintattu su koma ciyar da shi da iyalinsa bisa ganin damarsu. Abin da ba a yarda ba shi ne mutum ya yi wa kansa wannan garkuwa don tsere wa masu bashi. Kyautar da aka yi cikin shekara 5 kafin karayar arziki ana iya warware ta, in kuma an tabbatar don guje wa bashi aka yi, sashe na 423 na dokar karayar arziki ta 1986 bai sa iyakar shekarun da za a waiwaya ba. Sannan in ɗa mai rabo a gidan iyali ya karye, bayan shekara guda kotu tana fifita masu bashi sai in akwai wani hali na daban ƙwarai.

Malam Habibu:
Abin da Alhaji ya siffanta sunansa hubusi a wurinmu, ko wakafin zuriya. Asalinsa filin Sayyidina Umar na Khaibara: ba a sayar da asalinsa, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, amfanin ake bayarwa. Risala ta ce ba a sayar da hubusi ko da ya rushe. Malamanmu na Malikiyya sun keɓe faɗaɗa masallacin Juma'a, hanya da maƙabarta. Hanafawa da Hambalawa sun fi sauƙi wajen musanya shi da wanda ya fi amfani.

Sharuɗɗan ne mutane ke tuntuɓe a kai. Sai an yi hauzi, wato abin ya bar hannun mai shi tun yana da lafiya, kafin mutuwa ko ciwon ajali ko bashi ya rufe shi. In gidan zamansa ne ya bayar sannan ya dawo ciki kafin shekara ta zagayo, ya ɓaci. Ba ya yi wa kansa. In kuwa a wasiyya ya sa, ya shiga hukuncin sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran sun yarda. Wanda ya yi don ya toshe 'ya'ya mata kuma ya san da wa zai haɗu.

Alhaji Mudi:
Allah gafarta Malam, to a rubuta masa wakafi a Landan ɗin mana.

Dakta Saminu:
Kotun can za ta karanta shi da idon dokarta, Alhaji. Amanar da ke dawwama ita ce ta sadaka ga jama'a, kuma amfanin zuriyar mutum ɗaya ba ya cikinta, haka aka yanke a shari'ar Compton ta 1945, in ban da tallafa wa matalautan dangi. Irin wannan saɓani ya taɓa faruwa a Indiya: a 1894 kotun ƙoli ta daular Birtaniya ta soke wani wakafin zuriya a shari'ar Abul Fata, ta ce sadakar da ke cikinsa ta yi nisa har ta zama suna kawai. Musulmi suka yi ta ƙorafi sai da aka yi dokar 1913 ta halatta shi. Ƙasashen Musulmi ma sun taka masa birki da kansu, Siriya a 1949, Masar a 1952, Tunisiya a 1957, galibi saboda bayan zuriya huɗu ko biyar masu rabo sun yi yawa, kason kowa bai taka kara ya karya ba, ba mai gyara ginin.

Barista Kabiru:
In gidan a Kano ko Kaduna yake lissafin ya sauya. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi ƙarara cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara, tare da kyauta da wasiyya da gado. Don haka Musulmi yana da hanyar da babu ita a Landan. Amma ƙasar da ginin ke kai tana ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99. Mayar da takardar sunan amintattu ko nazirin wakafi, wato mai kula da shi, sai da amincewar gwamna bisa sashe na 22, in babu ita sashe na 26 ya ce cinikin banza ne, kuma Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989. Sashe na 7 ya hana ba wanda bai kai 21 ba takardar sai ta hannun waliyyi ko amintacce. Sashe na 28 kuma ya bar wa gwamna ikon karɓe filin don amfanin jama'a, wakafi ko ba wakafi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara shaidu a masallaci a furta, takardar mallaka kuwa tana nan da sunan mamaci a cikin akwati. Bayan shekara goma wani ɗa ya ɗauke ta ya kai wa dillali. A rubuta, shaidu su sa hannu, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista a ma'aikatar filaye, a kuma faɗi wanda zai gaji nazirin in ya rasu.

Hajiya Asabe Akanta:
Barista Kabiru, a ƙara da kason gyara. A rubuta cewa daga kuɗin haya ana fara cire na gyara da harajin ƙasa kafin a raba wa kowa ko sisi, a faɗi kason da lamba, a buɗe masa asusu daban mai sa hannun mutum biyu.

Malam Habibu:
Wannan ya dace da fiƙihu, Hajiya. Gyaran hubusi ake gabatarwa a kan masu rabo, ko da mai wakafin ya shar'anta akasin haka.